Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Tarihin Ɗinkin Dubura da Neman Riƙo

Hausa harshe ne mai kunya, kuma babu inda kunyarsa ta fi fitowa fili kamar wajen buƙatar nan da kowane ɗan Adam yake biya kullum. Mutum ba ya faɗin abin da zai yi, sai dai ya ambaci inda za shi: bayan gida, ko kewaye, ko kuma ya ce bari ya zagaya. Ladabi ne mai kyau muddin jiki yana biyayya. Ranar da jiki ya ƙi, sai ladabin ya koma katanga tsakanin majiyyaci da magani, domin abin da baki ya kasa furtawa da wuya ya kai kunnen likita.

Yoyon fitsari ya riga ya tsallake wannan katanga. Ana ambatonsa a rediyo, an gina masa asibitoci, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe masa ranar 23 ga Mayu tun daga 2013. Amma yana da ɗan'uwa da har yanzu ake magana a kansa ƙasa-ƙasa, wato yoyon kashi: ko dai rami ya ɓulle tsakanin hanji da gaban mace, ko tsokar dubura ta yage, ko tiyata ta taɓa wurin ta bar mutum ba ya iya riƙe iska da bayan gida.

Tarihin tiyatar wannan gaɓa, daga Ƙurɗuba ta Andalus har zuwa Babbar Ruga da Dambatta, tarihi ne na darasi guda da likitoci suka daɗe ba su haddace ba. Rufe rami aiki ɗaya ne, dawo da riƙo kuma wani aiki ne daban. Na farko likita yana ganinsa da idonsa a kan gadon tiyata. Na biyu kuwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yadda jiki yake riƙewa

Kafin a shiga tarihi, ya kamata mai karatu ya san abin da wuƙa take taɓawa. Ƙarshen babban hanji, mai tsawon santimita 12 zuwa 15, rumbu ne. Yana buɗewa ya karɓi abin da ya sauko, ya ajiye shi har lokaci ya yi. A ƙarƙashin rumbun akwai gajeriyar mafita da ba ta wuce santimita 4 ba, kuma zobba biyu na tsoka suke kewaye da ita. Zoben ciki ba ya jiran umarnin kowa. A tsuke yake dare da rana, shi ya sa mai barci ba ya ɓata shimfiɗarsa. Zoben waje shi ne mutum yake matsewa da niyya idan abu ya taso masa a cikin mota ko a sahun salla.

Sama da zobban akwai wata tsoka da ta zagayo ta bayan hanji kamar majanyi, ta ja shi gaba har ya tanƙware. Wannan tanƙwarar makulli ce ita ma, kuma tsuguno yana sassauta ta, abin da ya sa zaman da ake yi a kan masai ya fi sauƙaƙa fita. Sa'an nan fatar cikin mafitar tana da ji mai kaifi ƙwarai, har tana bambance iska da ruwa da abu mai tauri tun kafin a sake su. Na ƙarshe shi ne yanayin kashin kansa, domin ƙofar da za ta tare mai kauri ba lalle ta tare gudawa ba.

Rumbu, zobba biyu, majanyi, ji, da kaurin abin da ake riƙewa: idan ɗaya ya samu rauni, sauran sukan rufa masa asiri na wani lokaci. Idan biyu ko uku suka tafi tare, asiri ya tonu. A jikin mace kuwa, bangon da ya raba hanji da hanyar haihuwa siriri ne, zoben waje kuma ya fi gajarta ta gaba, daidai inda kan jariri yake bi.

Gargaɗin Zahrawi da ciwon Sarkin Faransa

Tsohuwar cutar da ta fara koya wa likitoci wannan darasi ita ce ƙurjin da kan fashe a gefen dubura ya bar wata 'yar hanya mai zubar da ruwa da mugunya, wadda ba ta warkewa da kanta. Maganinta shi ne a tsaga hanyar a buɗe ta, ta warke daga ƙasa. Matsalar ita ce sau da yawa hanyar takan ratsa ta cikin zoben tsoka. In an tsaga da yawa, ƙurji ya warke, riƙo ya tafi. In an tsaga kaɗan, riƙo ya tsira, ƙurji ya dawo.

Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba da ya rasu wajen 1013, ya yi bayanin wannan aiki a kashi na ƙarshe na littafinsa at-Tasrif, ya kuma ja kunnen almajiransa kada wuƙa ta yi zurfi har ta datse tsokar da ke riƙe bayan gida. Tun kafin shi, likitocin Girka da na Indiya sun san dabarar zura zare ta cikin hanyar a ɗaure, a bar shi ya riƙa ci a hankali, tsoka tana haɗewa a bayansa. Har yau ana amfani da zaren nan a ɗakunan tiyata.

A ranar 18 ga Nuwamba, 1686, aka yi wa Sarki Luwis na 14 na Faransa wannan aiki a fadarsa ta Basai, ba tare da allurar barci ba, domin ba a ƙirƙiro ta ba tukuna. Mai aikin, Charles-François Félix, ya shafe watanni yana gwada hannunsa a jikin talakawa masu irin ciwon kafin ya taɓa sarki. Sarki ya warke, Félix ya samu dukiya da muƙami, masu fiɗa a Faransa, waɗanda a da ake lissafa su tare da wanzamai, suka samu daraja. Talakawan da aka koyi aikin a jikinsu kuwa, tarihi bai riƙe sunayensu ba.

A 1835 Frederick Salmon ya buɗe wani ƙaramin wurin magani a Landan domin talakawa masu cututtukan dubura, wanda daga baya ya zama Asibitin St Mark's. A can ne, a 1937, Milligan da Morgan suka bayyana hanyar cire basir da ke barin gadojin fata tsakanin yanka da yanka. Hanyar da ta gabace ta, ta Whitehead ta 1882, takan kwashe fatar zagaye gaba ɗaya, sai a wayi gari basir ya tafi amma mafita ta tsuke, ko ji ya mutu mutum yana jiƙa wando bai sani ba. Duk wanda yake tunanin miƙa basir ɗinsa ga mai yanka ko mai ƙonawa da magani a kasuwa, wannan tarihi ya ishe shi wa'azi.

Daga ceton rai zuwa ceton mafita

Cutar daji ta ƙarshen hanji ta ɗaga tambayar zuwa wani mataki. A 1908 Ernest Miles na Landan ya wallafa hanyarsa: a cire rumbu da mafita da zobba baki ɗaya, a rufe wurin, a fito da hanji ta bangon ciki ya riƙa zuba a jaka har ƙarshen rayuwa. Cikin mutum 12 na farko da ya ba da rahotonsu, 5 sun mutu sanadin aikin. Duk da haka hanyar ta yi mulki shekaru da dama, saboda ita ce ta fara hana cutar dawowa.

A 1948 Claude Dixon na Asibitin Mayo a Amurka ya nuna cewa idan ƙarin yana sama, ana iya yanke ɓangaren da ya kamu a haɗa hanji da abin da ya rage, mafita ta tsira. Na'urar ɗinki mai zagaye da ta yaɗu a ƙarshen shekarun 1970 ta ba da damar haɗawa can ƙasa, kusa da zobba. A 1982 Bill Heald na Basingstoke a Ingila ya koyar da cire rumbun tare da rigar kitsen da ta lulluɓe shi ba tare da an fasa ta ba, dawowar cutar ta ragu ainun.

Likitoci suka yi murna: an tsira da rai, an tsira da mafita, babu jaka. Sai da aka fara tambayar majiyyatan da kansu aka gane cewa ƙofa ba ta wadatar idan an rushe rumbun da ke bayanta. Mutum ya shiga kewaye sau biyar cikin awa ɗaya, abu ya taso masa ba zai iya jira ba, iska ta kuɓuce masa a cikin jama'a. A 2012 masu bincike a Danmak suka tsara ma'auni mai tambayoyi biyar kacal, duka game da rayuwar yau da kullum, kuma nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun nuna kusan mutum 4 cikin 10 suna fama da matsananciyar damuwa bayan irin wannan aiki. Sama da shekara sittin ke nan tsakanin aikin Dixon da wannan ma'auni.

A asibitocin koyarwa na Kano da Zariya ana yin waɗannan ayyuka biyu a yau, kuma da yake masu cutar sukan zo a makare, maganar jaka takan taso, mutane da yawa kuma sukan ƙi ta. Sai dai a karkarar Kano, da yawa daga cikin waɗanda aka taɓa ɗinke wa hanji da dubura ba cutar daji ce ta kai su ba. Haihuwa ce.

Abin da doguwar naƙuda take bari

Idan kan jariri ya maƙale a ƙugu kwana biyu ko uku, yakan danne naman uwa a jikin ƙashi har jini ya daina isa gare shi. Naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube, rami ya bayyana. Ta gaba, mafitsara ce take ɓulewa. Ta baya, hanji ne. Ramin hanji bai kai na mafitsara yawa ba, kuma galibi tare suke zuwa, alamar cewa naƙudar ta yi tsanani matuƙa. Sau da yawa jaririn bai zo da rai ba, wani lokaci ƙafar uwar ma takan saki saboda jijiyar da aka danne. Akwai kuma rauni na biyu mai wani asali daban: kai ya fito da ƙarfi ya yaga fata da zobban tsoka har cikin hanji. Wannan yana iya faruwa ko da naƙuda ba ta daɗe ba, kuma idan ba a ɗinke shi daidai a lokacin ba, mace za ta rayu da shi.

Ciwon ya girmi kowace daula da muka sani. An same shi a gawar Henhenit, ɗaya daga cikin matan fadar Masar da ta rayu kimanin shekara 4,000 da suka wuce, Ibnu Sina kuma ya danganta shi da wahalar haihuwa a littafinsa na likitanci. Ɗinkinsa na zamani ya fara ne a garin Montgomery na Amurka tsakanin 1845 da 1849, inda J. Marion Sims ya yi ta gwaji a jikin mata bayi baƙar fata ba tare da maganin kashe zafi ba. Sunayen uku sun iso mu: Anarcha, Lucy da Betsey. Anarcha tana da ramin mafitsara da na hanji duka biyu, kuma sau kusan 30 aka yi mata aiki. A 2018 birnin New York ya ɗauke gunkin Sims daga babban lambun shaƙatawarsa saboda wannan tarihi.

Turai da Amurka sun rabu da ciwon ne lokacin da fiɗar ciro jariri ta zama abin da kowace mai naƙuda za ta iya samu a kan lokaci. A Afirka kuwa sai da aka gina masa gidaje na musamman. Reginald da Catherine Hamlin sun isa Habasha a 1959, suka buɗe asibitin yoyo na Addis Ababa a 1974.

A Arewacin Nijeriya, Zariya ce ta fara ƙidaya. Tahzib ya wallafa a 1983 nazarin mata 1,443 da aka gani a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello tsakanin 1969 da 1980: kashi 83 cikin ɗari doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kashi 13 yankan gishiri. Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya tsakanin 1976 da 1979, ya nuna cewa haɗari ya fi sauka a kan waɗanda ba su je awo ba, ba su yi makaranta ba, ko suka ɗauki ciki jikinsu bai gama girma ba. Margaret Murphy kuma, a 1981, ta tambayi matan game da gidajensu, ta tarar cewa gwargwadon daɗewar ciwo, gwargwadon yadda aure yake watsewa.

Babbar Ruga, Murtala, Kwalli

Babbar Ruga, a bayan birnin Katsina, asibitin kutare ce tun zamanin Turawa. A 1983 wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo aikin kuturta, sai ya tarar da mata masu yoyo suna neman taimako. Ya fara ɗinke su, labari ya bazu, mata suka riƙa zuwa daga ƙasar Katsina da Kano da Damagaram da Maraɗi. A shekarun da suka biyo baya ya yi aiki sama da dubu ashirin da hannunsa, ya horar da ɗaruruwan likitoci da ma'aikatan jinya. A yau Babbar Ruga cibiyar Gwamnatin Tarayya ce ta wannan ciwo.

Abu biyu daga aikinsa sun shafi batunmu kai tsaye. Na farko, tsarin rarraba ramuka da ya wallafa a 1995 ya dogara ne a kan tambaya guda: shin raunin ya taɓa makullin riƙo ko bai taɓa ba? Girman rami ya zo a baya. Ƙaramin rami a kan makulli ya fi babban rami nesa da shi wuyar sha'ani, domin za a iya rufe shi tsaf, mace ta tashi tana zuba kamar ba a yi komai ba. Na biyu, ya karya tsohuwar al'adar cewa sai an jira wata uku kafin a taɓa sabon rauni. A rahotonsa na 2004 kan mata 1,716, kusan kashi 15 cikin ɗari robar fitsari kawai aka sa musu da wuri, ramin mafitsara ya haɗe ba tare da wuƙa ba.

A Kano, ƙungiyoyin mata ne suka tura lamarin gaba. Hajiya Amina Sambo ta jagoranci yunƙurin da ya zama gidauniyar ƙasa kan wannan ciwo a farkon shekarun 1990. Cibiyar Laure a Asibitin Murtala Muhammad ta zama wurin aiki, masaukin Kwalli a cikin birni ya zama wurin jira da murmurewa. A 2005, cikin mako biyu, an yi wa mata sama da 500 aiki a Kano da Katsina da Sakkwato da Kabi da tallafin hukumar UNFPA. A 2008 ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a Jahun ta Jihar Jigawa, a 2012 kuma aka buɗe cibiyar Danja kusa da Maraɗi.

Ga mai raunin baya, aikin yana da hawa-hawa. A raba bangon hanji da na gaba, a ɗinke kowanne daban, a nemo bakunan zoben da ya yage, waɗanda sukan ja da baya su ɓuya cikin tabo, a haɗa su. Alan Parks na St Mark's ya yaɗa dabarar ɗora baki ɗaya a kan ɗaya a 1971. Idan ramin babba ne ko yana can sama, wani lokaci sai an karkatar da hanji zuwa jaka na ɗan lokaci, ɗinki ya huta. Amma St Mark's ɗin ce dai ta wallafa a 2000 cewa matan da aka ɗinke wa zobe, suka yi kyau da farko, da yawansu riƙon ya ragu bayan shekara biyar. Tsokar da jijiyarta ta wahala tana gajiya da tafiyar shekaru.

Abin da riƙo yake nufi a ƙasar Dambatta

Daga Ungogo da Dawakin Tofa da Minjibir har zuwa Bichi da Dambatta, ƙasa ce da gona take manne da gona, ba a barin saura, taki ne yake riƙe da ita shekara da shekaru. Masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarinta tun shekarun 1960 a matsayin ɗaya daga cikin karkara mafi cunkoso a Afirka ta Yamma. Inda gida yake jingine da gida, rijiya ɗaya, turmi yana amsa turmi, babu ciwon da yake ɓoyuwa, balle mai wari.

Ita kuwa Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa da Dorayi, ta bayyana abin da ta kira ɓoyayyen ciniki: kasuwar da matan aure suke ci daga cikin gida, yara suna kai talla. Fura, ƙuli-ƙuli, ɗanwake, ƙosai, man gyaɗa. Jarin mace a wannan ƙasa hannunta ne da sunanta na tsabta. Ranar da aka ce wance tana yoyon kashi, ko ta wanke hannu sau goma, farantin tallarta zai dawo yadda ya fita. Daga nan sai biki da suna su gagare ta, sai a ware mata kwano, sai a ce ta je gida ta yi jinya, jinyar da sau da yawa takan zama saki ba tare da takarda ba.

Abin mamaki shi ne wannan ƙasa ba ta da nisa da birni. Jinkirin yakan fara ne tun daga ɗaka: kunyar haihuwar fari da ke hana yarinya yin ƙara, jiran mai gida ya dawo ya ba da izini, jiran gari ya waye, neman kuɗin mota. Sa'an nan hanya a tsakiyar damina, sa'an nan asibitin da za a tarar babu jini ko babu mai fiɗa.

Saboda haka ne a ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyar FORWARD ta kafa shiri a Dambatta, a kan hanyar Kazaure da Daura, domin matan da aka riga aka yi wa aiki. Sukan zauna watanni ana ciyar da su, ana koya musu karatu da sana'a da kiwo, kafin su koma ƙauyukansu da ɗan jari. Shirin ya amsa tambayar da wuƙa ba ta iya amsawa: bayan an sallame ta, ina za ta, kuma da me?

Kulawar bayan aiki ma a cikin tukunyar gida take. Sabon ɗinki yana son kashi mai laushi, don haka ake ba da maganin sassautawa, a ce a sha ruwa da yawa, a yawaita miyar kuka da kuɓewa da zogale, a guji yunƙuri. Bayan an warke kuma buƙata takan juya: zobe mai rauni yana son abu mai ɗan kauri, yaji mai yawa da gurɓataccen ruwan damina abokan gabarsa ne, gudawar kwana biyu tana iya mayar da mace inda ta fito. Akwai maganin da ke rage gudun hanji, akwai motsa tsokar ƙugu ta hanyar matsewa da saki kullum, akwai sabon shiga kewaye a lokaci guda bayan karin kumallo. Ana hana kwanciyar aure na wasu watanni, ana kuma gargaɗin cewa ciki na gaba a asibiti za a haife shi, galibi ta fiɗa. Waɗannan biyun na ƙarshe ba a hannunta kaɗai suke ba, shi ya sa nasihar da ba ta isa kunnen miji da uwar miji ba rabin nasiha ce.

Buta da sallaya

Akwai wani rauni da ba ya fitowa a takardar asibiti. Mata da yawa masu yoyo sukan daina salla, suna ganin babu alwalar da za ta tsaya musu, babu tufar da za ta tsarkaka. Alhali fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan Kano ya daɗe da warware wannan. Risalar Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan da Mukhtasar na Khalil duka sun san mai lalurar zuba ba da son ransa ba. Abin da malaman mazhabar suka tafi a kai shi ne, zubar da ta lizimci mutum duk lokaci ko mafi yawansa ba ta karya alwala, an dai so ya sabunta ta a kowace salla idan babu wahala, kuma an yi rangwame a kan najasar da kauce mata ya yi wuya. Hukuncin ya haura shekara dubu a rubuce. Tazarar da ta rage ita ce tsakanin zauren malam da ɗakin da aka keɓe mata a ƙuryar gida, kuma malaman Islamiyya mata sun fi kowa kusa da cike ta.

Zahrawi ya ce a kula da tsoka. Magadan Miles sun tsirar da mafita, sai daga baya suka tuna da rumbu. Waaldijk ya sa makulli a gaban girman rami. Kowane mataki ya samu ne lokacin da wani ya daina duban ɗinkinsa ya saurari wanda aka ɗinke. Cibiyoyinmu sun ƙware wajen ƙidaya ramukan da aka rufe ranar sallama, kuma wannan adadi abin alfahari ne. Adadin da ya fi shi wuyar samu shi ne na bayan shekara ɗaya da na bayan shekara biyar, a Makoɗa ko Kunci ko Tsanyawa, inda sai an bi mace har gida.

Tambayoyin ba su da yawa, kuma ma'aikaciyar lafiya ta ƙauye za ta iya yin su da Hausa, a keɓe, cikin mutunci. Iska tana kuɓuce miki? Kina iya jira har ki kai kewaye? Kina sa ƙyalle? Kin koma salla? Ana sayen furarki? Ita ma majiyyaciya akwai nata rabon, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi: zubar da ta rage bayan aiki tana da magani, wani lokaci ƙwaya, wani lokaci motsa tsoka, wani lokaci ɗinki na biyu, amma sai an faɗa. Mai naƙudar da ta wuni ta kwana ba ta sauka ba kuwa, a nemo mota tun kafin gari ya waye.